Wa Yake Riƙe Da Igiyarka?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Wagini da sauran ƙasar Batsari da Safana, da waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu suna zaman baƙunci a Katsina ko Dutsin-Ma. Yau maganarmu a kan shugabanci ce, karatunmu kuwa yana cikin littafin Sama'ila na fari, sura 14, aya 1 zuwa 14. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi ya buɗe ya riƙe wurin, za mu iso gare shi. Amma da yake labarin na mutum biyu ne da suka hau dutse, bari mu fara sanin yadda ake hawan dutsen tukuna.

Duk wanda ya san yammacin Jihar Katsina ya san ba a rasa dutse. Daga Dutsin-Ma, wadda sunanta ma daga dutse ya fito, in ka nufi Safana da Batsari za ka yi ta ganinsu. Wani falale ne a shimfiɗe, inda mata suke shanyar barkono da kuɓewa, wani kuma ya tashi sumul kamar ƙwaryar da aka kifa. Masana ƙasa suna ce da irin wannan dutse giranit. Yaranmu masu kiwo suna hawansu tun suna ƙanana, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. A waɗansu ƙasashe kuwa hawan dutse ya zama ilimi mai ƙa'ida, da kayan aiki da malamai. Har a nan Nijeriya ma akwai shi. A shekarar 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya fara wata makarantar horar da shugabanni a wani wuri da ake kira Man O' War Bay, a bakin teku a Kamaru ta zamanin mulkin Ingila, daga nan ne ma sunan Man O' War da muke ji ya samo asali. Daga baya makarantar ta dawo cikin Nijeriya, reshenta ɗaya kuwa yana duwatsun Shere kusa da Jos. A can akan ɗauki ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta, a ɗaura musu igiya a ƙugu, a ce su hau dutse su sauko. Mutum zai ce, me ya haɗa akawun ofis da hawan dutse? To, ai waɗanda suka tsara abin sun gane cewa a jikin dutse ba a ɓoye hali. Mai cika baki a ƙasa, da ya yi taku goma sama sai a san ko wane ne shi.

Abu na farko da dutse yake koya wa mutum ya shafi ƙafafunsa ne. A kan dutse mai sumul irin namu, inda ba wurin kamawa da hannu, abin da yake riƙe mai hawa shi ne nauyin jikinsa da ya danna tafin ƙafarsa a kan dutsen. Sabon mai hawa, da tsoro ya kama shi, sai ya kwanta ya manna ƙirjinsa a jikin dutse, yana ganin a nan ne tsira take. Alhali da ya kwanta nauyinsa ya bar kan ƙafafunsa ke nan, sai su zame, ya yi ta gangarawa yana kurje jiki. Wanda ya iya kuwa a tsaye yake tafiya, ƙirjinsa nesa da dutsen, nauyinsa duka a bisa ƙafar da ya ajiye. Wato abin da tsoro yake ce maka ka yi, shi ne ainihin abin da zai kā da kai. Malaman hawa sukan ce wa ɗalibi ya duba wurin da kyau kafin ya sa ƙafa, amma in ya sa, ya ba ta nauyinsa duka. Ƙafar da aka ajiye rabi da rabi ita take zamewa.

Dubawar kuwa tana da hanyarta. Irin dutsen nan rana takan gasa shi, dare ya sanyaya shi, shekara da shekaru, har saman ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai hawa yakan ƙwanƙwasa wurin da hannu. In ya ji ƙara kamar ganga, ya san ƙarƙashin fanko ne, ba ya dogara da shi. Da damina kuma baƙin layin nan da ruwa yake bi yakan yi gansakuka, ya fi sabulu santsi. Wanda ya san waɗannan abubuwa ba ya rawar jiki a sama, domin ya san abin da ya taka.

To, nan ne za mu gane abin da ake nufi da mutum ya amince da kansa. Mun san waɗansu za su ce, ashe littafin Karin Magana sura 3 bai gargaɗe mu a kan dogara ga namu ganewa ba? Gaskiya ne, ya yi. Amma girmankai dabam, sanin ma'aunin kai dabam. Manzo Bulus a Romawa sura 12 bai ce mutum ya rena kansa ba, ya ce ne kowa ya auna kansa da natsuwa gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Ku tuna Dawuda sa'ad da Saul ya sa masa sulkensa da kwalkwalinsa. Ya gwada tafiya da su, sa'an nan ya tuɓe, domin bai saba da su ba. Ya ɗauki majajjawarsa, wadda hannunsa ya sani tun yana bin tumakin mahaifinsa. Wannan ba taurin kai ba ne. Yaron ya san abin da ya taɓa gwadawa, ya kuma san wanda ya cece shi daga zaki da beyar. Akwai wani Ba'amurke mai suna Alex Honnold da duniya ta yi mamakinsa a shekarar 2017, sa'ad da ya hau wani dutse da ake kira El Capitan, mai tsayin kusan mita 900, ba igiya ko kaɗan, cikin ƙasa da awa 4. Mutane suka ce ba shi da tsoro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ya daɗe yana hawan wannan hanya da igiya, yana maimaitawa, har ya haddace inda kowane yatsa zai kama. Mu dai ba mu yaba wa mutum ya yi wasa da ransa, ba kuma mu ce wani ya kwaikwaye shi ba. Amma natsuwar da aka gani a ranar nan ba daga sama ta faɗo ba.

Shugaba a cikin ikilisiya, ko fasto ne, ko dattijo, ko shugabar zumuntar mata, ko na matasa, yakan kai wurin da dole ya yanke shawara, ba kuwa wanda zai yanke masa. In bai san kansa ba, sai ka ga ya kwanta a jikin dutse. Yau ya ce a yi, gobe wani mai kuɗi ya ɗaure fuska sai ya ce a bari, jibi kuma ya ce ai ba shi ya faɗa ba. Yana tsammani yana kiyaye kansa ne, ga shi kuwa yana zamewa, jama'a kuma suna zamewa a bayansa.

Yanzu sai maganar igiya, a nan ne kuwa za mu daɗe. Mu a ƙasar Hausa mun san wannan aiki ta wata fuska, wato yasar rijiya. Mai shiga rijiya yana ƙasa cikin duhu, ransa kuwa yana hannun waɗanda suke bakin rijiya riƙe da igiya. Ba ya ɗaukar kowa da kowa ya ba shi wannan aiki, ba ya kuma shiga da igiyar da bai bi ta da hannu ya duba ba. Masu hawan dutse haka suke, sai dai su sama suke yi. Mutum biyu ne a igiya ɗaya, mai tsawon kamar mita 60. Na gaba yana hawa, igiyar tana ɗaure a ɗamarar ƙugunsa. Na biyu yana ƙasa, igiyar tana bi ta wani ɗan ƙarfe a nasa ƙugun, yana sakar masa ita kaɗan kaɗan. Na gaban nan, in ya ɗan yi nisa, sai ya nemi tsaga a jikin dutse ya cusa ƙarfe, ya rataya igiyar a ciki da ƙugiya, sa'an nan ya ci gaba. In ya zame, na ƙasa sai ya danne igiyar, ƙarfen nan na ƙarshe ya tare shi.

Ku lura da lissafin da kyau. In na gaba ya wuce ƙarfensa na ƙarshe da mita 3 ya faɗi, ba mita 3 zai faɗi ba, mita 6 ne, uku zuwa ƙarfen, uku kuma a ƙarƙashinsa, ban da miƙewar igiya. Na biyu kuwa, sa'ad da lokacin hawansa ya yi, igiyar daga sama take zuwa masa, in ya zame ba ya zuwa ko'ina. Ashe na gaba shi ya fi kowa shiga hatsari, shi ne kuma ya fi kowa bukatar wani. Fuskarsa tana wajen dutse, ba ya ganin hannun mai riƙe masa igiya. Wani lokaci ma in ya sha kwana ko muryarsa ba a ji sosai. Mu kuwa mun saba ɗaukan shugaba a kan shi ne wanda kowa yake rataye a wuyansa, shi ba ya rataye ga kowa. A jikin dutse abin ya juya.

Shi ma mai riƙon igiya aikinsa ba na rago ba ne. In ya ja ta da ƙarfi ainun, zai finciko na gaba daga jikin dutse da hannunsa. In ya sake ta da yawa, ranar faɗuwa mutumin zai kai ƙasa kafin igiya ta miƙe. Dole idonsa ya kasance a sama kullum, hannunsa kuma kada ya bar igiyar ko da ƙudan zuma ya harbe shi. Mun san dattawan ikilisiya iri biyun nan. Akwai waɗanda ba sa barin fasto ya yi taku ɗaya sai sun ja, akwai kuma waɗanda sai amin kawai suke cewa, ba su taɓa tambayar inda baiko ya shiga ba, sai ranar da abu ya lalace a ji suna cewa ai su ma sun ga alama.

To, bari mu buɗe karatunmu. A sura 13 an nuna mana halin da Isra'ila take ciki. Filistiyawa sun mamaye ƙasar, mutane sun gudu sun ɓuya a kogwanni da kurmi da ramummuka. Ko maƙeri babu a ƙasar, mai son wasa garmarsa ko gatarinsa sai ya gangara wurin abokan gāba. Takobi da mashi kuwa ba mai su sai Saul da ɗansa Jonatan. 'Yan'uwa na Batsari da Safana, ba sai an fassara muku wannan ba. Saul yana zaune a gindin itacen rumman da mutum wajen 600, ba ya gaba ba ya baya. Tsakaninsu da sansanin Filistiyawa a Mikmash akwai kwazazzabo mai zurfi, da tsayayyen dutse a kowane gefe, sunan ɗaya Bozez, ɗayan kuma Sene. Wurin yana nan har yau, kusa da wani ƙauye da ake kira Mukhmas, kimanin kilomita 11 daga Urushalima.

Jonatan ya ce wa saurayin da yake ɗaukar masa makamai su haye. Bai yi masa alkawarin nasara ba. Ya faɗa masa dai watakila Ubangiji ya yi aiki dominsu, gama yawa ko ƙaranci ba sa hana shi ceto. Saurayin ya amsa masa cewa ya yi abin da yake zuciyarsa, yana tare da shi. Suka sa wa kansu alama, alamar ta tabbata, sai Jonatan ya kama hawa da hannu da ƙafa, saurayin yana biye. Ku tsaya a nan kaɗan. Mutumin da yake hawa da hannu da ƙafa ba ya iya kāre kansa, hannuwansa duka biyu suna jikin dutse, bayansa a buɗe yake. A bayan nan kuwa akwai mutum ɗauke da makami. Ɗan sarki ne, magajin gadon sarauta, ya juya wa mai makami baya a wurin da ba mai shaida. Littafin bai ko gaya mana sunan saurayin ba. Amma a fili yake cewa ba ranar ce suka fara tafiya tare ba, gama a sura 13 Jonatan ya riga ya bugi sansanin Filistiyawa a Geba, mai ɗaukar makamai kuwa ba a tsintarsa a hanya. A karon farko suka kā da mutum wajen 20, tsoro ya faɗa wa sansanin duka, har waɗanda suka ɓuya a duwatsu suka fito suka bi sawu.

Wani zai tambaye mu, yaya za a yi da Irmiya sura 17, inda aka la'anci mai dogara ga mutum? Amsar tana wurin mai riƙon igiya. In ana hawan dogon dutse, shi kansa mai riƙon igiyar ba a tsaye kawai yake ba, a ɗaure yake da jikin dutsen ta wuri biyu ko uku. In ba haka ba, nauyin wanda ya faɗo zai fizge shi su tafi tare. Na gaba yana amincewa da ɗan'uwansa, amma abin da yake ɗauke da nauyin su biyun dutsen ne. Mai bi ya san wane ne Dutsensa. Abin da annabin ya la'anta shi ne mutum ya kwance kansa daga Dutsen ya rataya ga ɗan Adam kaɗai.

Akwai wani tsohon labari na gaskiya da ya nuna wannan, muna so ku ji shi dalla dalla. A ƙasar Suwizalan, a kan iyakarta da Italiya, akwai wani tsauni mai tsini da ake kira Matterhorn, tsayinsa mita 4,478. Ba wanda ya taɓa kaiwa ƙwanƙolinsa sai ran 14 ga Yuli, 1865, sa'ad da mutum bakwai suka kai, a cikinsu akwai wani Baturen Ingila Edward Whymper, da wani limamin ikilisiyar Angilikan mai suna Charles Hudson, wanda gwani ne ƙwarai wajen hawa. Hudson ya zo da wani saurayi ɗan shekara 19, Douglas Hadow, wanda bai daɗe da fara hawa ba. Da aka tambaya ko yaron zai iya, Hudson ya tsaya masa, ya ba da shaida cewa ya hau wani babban tsauni da sauri. Gaskiya ya faɗa, amma saurin tafiya a kan ƙanƙara dabam yake da iya saukowa daga tsayayyen dutse. Suka kai sama lafiya, suka yi murna. A wajen saukowa ne, dukansu bakwai a ɗaure da juna, ba su kuwa ɗaure igiyar a jikin dutse ba, sai saurayin ya zame. Ya banke jagoran da yake gabansa, Michel Croz, nauyin su biyu ya fizgi Hudson, sa'an nan ya fizgi na huɗu, Lord Francis Douglas. Na biyar, wani dattijon jagora mai suna Peter Taugwalder, ya kafe ya riƙe, sai igiyar da take tsakaninsa da Douglas ta tsinke. Mutum huɗu suka faɗa fiye da mita 1,000. Gawar Douglas ba a same ta ba. Da Whymper ya duba guntun igiyar da ya rage, sai ya ga ita ce mafi rauni cikin iri uku da suka zo da su, wadda aka ɗauko domin ko-ta-kwana kawai. Guntun nan yana ajiye a gidan tarihi na garin Zermatt.

Ba mugu ko ɗaya a cikin labarin nan. Mutumin kirki ne ya ba da shaida a kan abin da bai gwada ba, aka karɓa domin girmansa. Haka muke yi sau da dama a taron zaɓe. A ce wane ɗan wane ne, ko a ce ai fasto ya san shi, sai a miƙa masa jakar ma'aji, ba a taɓa ba shi riƙon ko kuɗin kujeru an gani ba. In ya zame, ba shi kaɗai yake faɗuwa ba.

Saboda haka masu hawa suna da wata al'ada da ba sa ɗaga wa kowa. Kafin a bar ƙasa, kowa yakan kama ƙullin ɗan'uwansa ya duba, ya ja ɗamararsa ya gani. Ɗalibi yakan duba na malaminsa, malamin kuwa ba ya fushi. A shekarar 1989 wata Ba'amurkiya mai suna Lynn Hill, wadda a lokacin tana cikin gwanayen duniya, ta hau wani dutse a Faransa, ta manta ba ta ƙarasa ƙullinta ba. Da ta kai sama ta jingina da igiya sai igiyar ta zare, ta faɗo fiye da mita 20. Rassan itace ne suka rage mata ƙarfin faɗuwar, ta rayu. Gwaninta ba ta hana mantuwa. To, in dattawa biyu suka zauna suka ƙirga baiko tare da ma'aji, suka sa hannu a littafi, aka karanta wa jama'a lissafi a ƙarshen wata, kada ma'aji ya ce an zarge shi. Ƙullinsa aka duba. Bulus kansa, sa'ad da ya tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka shi, kamar yadda 2 Korintiyawa sura 8 ta nuna.

Mun san abin da ya sa wannan magana take da nauyi a ƙasarmu. Tun a ƙarni na 19 ƙasar Ruma bakin iyaka ce da ta sha hare-hare daga wajen Maraɗi, a zamaninmu kuma masifa ta fito daga Dajin Rugu. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari, wannan kuwa ɗaya ne cikin da yawa. A shekarar 2025 aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. Amma ban da rayuka da shanu da gonaki, akwai wani abin da aka sace wanda ba a ƙirga shi, ba kuwa sulhun da zai komo da shi a rana ɗaya, wato yarda. Tun da aka gane cewa akwai masu kai labari daga cikin gari, maƙwabci ya fara sa wa maƙwabci ido. Wanda ya yi sabuwar riga sai a ce ina ya samo. An tara kuɗin fansa da hawaye, an rasa wanda za a danƙa wa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu ga laifin kowa ba. Amma shugaban da wannan ciwo ya kama yakan tattara kome a hannunsa: shi ne mai wa'azi, shi ne ma'aji, shi ne mai zuwa gaisuwar mutuwa, mabuɗin majami'a ma yana aljihunsa. Yana hawa ba igiya ke nan, ba kuwa don ya haddace hanyar ba, sai don ba ya yarda kowa ya riƙe masa. Yetro ya ga surukinsa Musa yana haka daga safe har yamma, ya kuwa faɗa masa a fili cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a.

Ba da wa'azi ɗaya yarda take komowa ba. Malaman hawa ba sa kai sabon ɗalibi ƙwanƙoli su ce ya saki hannu. Sukan sa shi ya hau kamar tsayin mutum, sa'an nan su ce ya zauna a kan igiya. Ya ji ta riƙe shi. Ya ƙara hawa kaɗan, ya sāke zama. Shi ma mai koyon riƙo, akan sa wani ya tsaya a bayansa ya kama wutsiyar igiyar har hannunsa ya faɗa. Haka za mu yi da juna. A ba saurayi jagorar addu'ar tsakiyar mako kafin a ba shi bagade ran Lahadi. A aiki mutum biyu da saƙon kuɗi, ɗaya tsohon hannu ɗaya sabo. Wanda ya riƙe ƙarami da aminci a ƙara masa, a kuma faɗa a gaban jama'a cewa ya riƙe. (Ga matasa kuwa muna roƙo, kada wani ya ji wannan ya ɗauki igiyar guga ko ta ɗaurin shanu ya nufi dutse. Igiyar hawa ta musamman ce, ana yinta ne ta miƙe ta shanye ƙarfin faɗuwa. Igiyar da ba ta miƙewa, ko ba ta tsinke ba tana iya karya bayan mutum.)

Saura abu ɗaya da masu hawan dogon dutse suke yi. Igiya tana da iyaka, saboda haka in na gaba ya kusa cinye tsawonta sai ya nemi wurin tsayawa, ya ɗaure kansa da dutse, ya kira na ƙasa. Yanzu shi ne ya zama mai riƙo. Na biyu ya hau ya iso shi, sau da yawa kuma ba ya tsayawa, sai ya karɓi sauran ƙarafan ya wuce gaba, wanda ya fara jagora ya zauna yana sakar masa igiya. Haka za su yi ta musanya har sama. Wannan ya fi wuya ga waɗanda muka daɗe a gaba, gama ido yakan ga kamar yaron zai sa ƙafa inda bai kamata ba, hannu kuma ya so ya ja.

A Ayyukan Manzanni sura 9, sa'ad da aka ƙulla kashe Shawulu a Dimashƙu, almajirai ne suka zura shi cikin kwando ta kan garu da dare, ba a kuwa rubuta sunan ko ɗaya daga cikin masu riƙe da igiyar ba. Da ya isa Urushalima kowa ya guje shi, suna da dalili kuwa, gama jiya jiya yake kama su. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, ya kuma ba da shaida a kan abin da aka riga aka gani a Dimashƙu. Bayan shekaru, shi ne ya tafi har Tarsus ya nemo shi, suka yi shekara guda cur suna koyarwa tare a Antakiya kafin a aike su. A farkon sura 13 sunan Barnaba ne a gaba, na Shawulu a baya. Da aka kai aya 13 na wannan sura, marubucin ya koma cewa Bulus da abokan tafiyarsa, Barnaba kuwa yana cikin abokan tafiyar, ya ci gaba da binsa har Listira da Darba.